Ya Gida, Ya Gada

"Umma, a gida kike yin ƙarya ko a rediyo?"

Injiniya na tsugune a bakin ƙofar falo, ta cire takalmin aikinta ɗaya, ɗayan ko igiyarsa ba ta kwance ba, tambayar ta faɗo mata a ka. Ta ɗago. 'Yarta ce tsaye, jakar makaranta a baya, safa ɗaya ta zame har idon sawu. Yarinyar ba ta wuce aji biyu ba, amma tun tana koyon magana aka laƙaba mata Lauya a gidan, don ba a gaya mata abu ta bar shi ba ta bi diddiginsa ba.

"Wace irin tambaya ce wannan da tsakar rana? Ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. To wanne ne?"

Inna, mahaifiyar Injiniya, tana zaune a kan tabarma da jaririn gidan a cinya tana jijjiga shi. Ta ce, "Ke ƙawata, uwar taki kika gurfanar? Bari ta sha ruwa tukuna, sai a zauna kotu."

Lauya ba ta ko kalli kakarta ba. "Kin ce min ko da wasa kada in hau gadar makaranta, tsatsa ta ci ƙarfenta. Yau kuma 'yan ajinmu sun ce kin faɗa a rediyo wai gada lafiya lau. Mai gadi ya kunna mana a wayarsa. Muryarki ce, Umma. An banƙare kwanon rufin da aka tare ta da shi, mutane sai hawa suke."

Injiniya ta miƙe tsaye da takalmi ɗaya. "Ke kin hau?"

"Na ƙi. Na ce wa Anti sai dai mu zagaya, ta yi ta mita har muka iso." Anti ita ce maƙwabciyarsu da ke ɗauko yaran layin daga makaranta. "Amma wasu sun hau, har suna tsalle a kai don su ji tana rawa."

Sai a lokacin Injiniya ta tuna da wayarta, wadda tun safe ta jefa a jaka ta shiga wurin da suke zuba kankare. Da ta ciro ta, kira da saƙonni sun yi tsiri kamar an juye kwando. Duk abu ɗaya ake turo mata, wani guntun sauti mai ɗauke da hotonta da hular kwano, an rubuta a ƙasa cewa kakakin injiniyoyi ta tabbatar gada lafiya lau. Ta danna. Muryar namiji mai santsi ta ce, "Ya gada?" Muryarta ita kuma, a sake, har da 'yar dariya, ta amsa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Nan sautin ya ƙare.

Ba wanda ya sa ta wannan aiki na kakaki. Ƙungiyarsu ta injiniyoyi ta daɗe tana neman wanda zai sa kai ya riƙa yi mata magana da 'yan jarida. Ranar da Shugaban ƙungiyar ya kawo maganar a taro, kowa ya duƙufa duban takalminsa. Mutane ne da za su taka katako ɗaya a saman dogon bene ba su ji ɗar ba, amma a nuna musu makirufo sai gumi ya karyo. Ita ta ɗaga hannu, da goyo a gida da aiki a wuya, domin ta taɓa ganin Inna ta kasa kunne ga wani babban injiniya yana bayani a rediyo bayan wata katanga ta faɗi a unguwa. Mutumin ya yi ta zubo manyan kalmomi har shirin ya ƙare, Inna ta juyo ta ce, "Shi wannan bawan Allah, cewa yake mu fita ko mu zauna?" Tun daga ranar Injiniya ta ƙudurta a ranta cewa in dai ta samu dama, magana za ta yi wadda Inna za ta ji ta san abin yi.

Kuma ta iya. An ba ta horo, an gaya mata kada ta faɗi abin da ba ta gani ba, kada ta yi hasashe, ta sa abin da ya fi muhimmanci a gaba. Ta yi hira a kan rijiyoyin da ba a rufe ba, ta yi a kan wayoyin lantarki da ake ja ta cikin ruwa, har masu sayar da kaya a bakin titi suka fara gane muryarta.

Gadar da ake magana a kai ta masu tafiya a ƙasa ce, ta ƙarfe, ta tsallake babban titi daga ƙofar makarantar firamare zuwa bakin kasuwa. Kwamitin ƙungiya ya duba ta, Injiniya na cikinsu. Daga sama ba ta da laifi, fenti ma bai daɗe ba. A ƙasa ne, inda ginshiƙan ke zaune a kan kankare, ruwan sama ya shekara yana kwanciya, tsatsa ta cinye ƙusoshin da ke riƙe da ƙafafunta. Hukumar hanyoyi ta karɓi rahoton, ta tare matakalar da kwanon rufi da wayar ƙarfe kafin a zo gyara. Mutane suka fusata, don sai an yi doguwar tafiya zuwa fitilar ba da hannu kafin a tsallaka. A kan wannan aka gayyace ta rediyo jiya da yamma.

Mai shirin, wanda duk gari ke kira Zaƙin-Murya, mutum ne mai son raha. Ta shiga ɗakin a gurguje, jariri ya hana ta fitowa da wuri saboda haƙori, abin sa wa a kunne kuma ya yi mata yawa yana zamewa. Ya fara jero gaisuwa kamar yadda ya saba. Ya aiki, ya yara, ya gajiya. Tana gyara abin kunnen tana amsawa, har ya sako tasa dabarar a ƙarshe, ya ce ya gada. Ita gida ta ji. Ko da gadan ma ta ji, wa ya taɓa tsayar da gaisuwa a tsakiya ya ce ba lafiya? Baki ne ke amsa wannan, tun kafin kai ya san an yi tambaya. Daga nan ta shafe shirin gaba ɗaya tana bayanin dalilin da ya sa kada kowa ya hau gadar. Wani ya yanke duk wannan ya zubar, ya ɗauki gaisuwar ya watsa.

Inna ta saurari sautin, ta taɓe baki. "To me suke so ki ce? A gaishe ki ki ce gida ya rushe?"

"Ba wannan ba ne yanzu, Inna." Injiniya ta zauna ta mayar da takalmin da ta cire. 'Yan ƙananan aji ne suka tashi da rana. Manyan aji sai da la'asar, kuma su ne masu yawa, su ne masu gudu. A daidai lokacin kasuwa ke fara watsewa, masu buhu a ka su ma su biyo. In duk suka haɗu a kan gadar nan lokaci guda, ta san nauyin da ƙusoshin za su ɗauka, ta kuma ga abin da ya rage na ƙusoshin da idonta.

Ta fara kiran wani abokin karatunta da ke hukumar hanyoyi. Ya ce ya ji labari, masu walda suna wani aiki a bayan gari, zai taso su, amma ba zai yi mata alkawarin za su riga yara ba. Ta kira hedimastan makarantar ta roƙe shi ya rufe ƙofar gaba, ya fitar da yara ta ƙofar gefe, malamai su raka su har fitila. Ya ce zai yi, sai dai iyaye da yawa suna jira a tsallaken titi suna ɗaga wa yara hannu, kuma yaro in ya hango uwarsa ba malami yake ji ba.

Sannan ta kira Shugaba. Dattijo ne mai natsuwa, ya gina madatsun ruwa tun ba a haife ta ba, kuma ba ya yin komai sai da tsari.

"'Yata, na ji abin da ya faru," ya ce. "Kada ki damu, kuma kada ki ƙara cewa komai. Zan kira kwamiti gobe, mu rubuta sanarwa, a duba ta, a sa hannu, a aika wa gidajen jarida."

"Ranka ya daɗe, yara za su tashi da la'asar ɗin yau."

"Na sani. Amma magana ce ta jawo wannan. In kika sake fita kika yi wata, aka sake yankewa fa? Sunan ƙungiya ne a kai."

"Sunan ƙungiya aka sa aka buɗe gadar, Baba. Muryata suka ji suka banƙare kwano. Takarda ba za ta mayar da shi ba, ba kowa zai karanta ta ba. Muryar da suka ji ita za su sake ji."

"Ban ba ki izini ba," ya ce.

"Na ji, ranka ya daɗe. Ina dai sanar da kai ne don kada ka ji a bakin wani."

Zaƙin-Murya ya ɗauki waya da dariyarsa. "Injiniyarmu ta kanmu. Kin ga yadda kika yi suna? Tun safe wayoyinmu ba su huta ba."

"Malam, yaranka a wace makaranta suke?"

Dariyar ta tsaya. "Wallahi wasa ne, Injiniya. Haka nake wa kowa. In mai kifi ya zo in ce ya kogi, in direba ya zo in ce ya taya. Ba ni na yanke ba."

"Na yarda ba kai ka yanke ba. Amma tare muka yi ɓarnar, tare za mu gyara. Kana da shirin rana. Ka ɗauko kayanka ka same ni a ƙarƙashin gada, mu yi kai tsaye."

"A titi? Da hayaniyar motoci?"

"Su ji motocin. Su san a wurin nake."

Ta ɗauki hular kwano da rigarta mai sheƙi, ta zaro sukudireba daga akwatin kayan aiki ta soka a aljihu. Lauya ta riƙe mata gefen riga tana so ta bi ta. Injiniya ta duƙa daidai tsayinta ta ce, "Abin da na gaya miki a gida shi ne gaskiya. A rediyo gaisuwa na amsa ban saurara da kyau ba. Yanzu zan je in gyara. Ke ki taya Inna da ƙaninki."

"Ba sai an hukunta ki ba?"

"Inna za ta yanke hukunci in na dawo."

Tun daga nesa ta hango abin da take tsoro. An naɗe kwanon gefe guda kamar tabarma, wayar tana reto. Mutane na hawa suna sauka hankali kwance, wata mata da tire a ka, wasu samari biyu suna ɗauke da buhu a tsakaninsu. Ta ajiye mota, ta je ta dafa ginshiƙin da tafin hannu. Duk takun da aka yi a sama sai ta ji shi a hannunta, da wani ɗan motsi na gefe wanda bai kamata ƙarfe ya yi ba. Ta aika mai gadin makaranta ya tsaya a ɗaya matakalar, ita ta tsaya a ta ɓangaren kasuwa, ta ware hannuwa.

"Ku yi haƙuri, ba hawa. Wanda ke sama ya sauko a hankali, ban da gudu."

"Ke wace ce?" in ji wani mai keke da ke shirin saɓa kekensa a kafaɗa.

"Ni ce wadda aka ce ta ce lafiya lau."

Nan take aka fara taruwa. Kafin Zaƙin-Murya ya iso da yaron ofishinsu da kayan watsa shiri, an zagaye ta, wasu na ɗaga waya, wasu na gunaguni. Ya kutsa ya tsaya kusa da ita, ya gyara murya, ya yi wa masu sauraro sallama, sannan bakinsa ya kama hanyar da ya saba. "Injiniya, barka da rana, ya..."

"Ka yafe min, Malam, yau ba zan amsa gaisuwa ba sai na gama." Ta matso da makirufon. "Jama'a, ni ce kakakin ƙungiyar injiniyoyi. Gadar makaranta ba ta da lafiya. Kada ku hau, kada ku bar yaranku su hau. Wanda ɗansa zai tashi da la'asar, ya je fitilar ba da hannu ya jira shi, can malamai za su kawo su. Na sake faɗa, gadar makaranta ba ta da lafiya."

Wata dattijuwa mai sayar da kayan miya, wadda rumfarta ke jikin matakalar, ta turo kai gaba. Rufe gadar ya rage mata masu wucewa, kuma ba ta ɓoye haushinta ba. "Ke 'yar nan, jiya lafiya, yau ba lafiya. Wanne za mu kama? Ko dare ɗaya ta kwanta ciwo?"

Aka yi dariya. Injiniya ta bari dariyar ta lafa.

"Mama, kin taɓa zuwa asibiti?"

"Wa bai taɓa ba?"

"Da likita ya ce miki ya jiki, me kika ce?"

"Na ce da sauƙi."

"Sai ya ce to tashi ki tafi gida?"

"Ina fa. Sai da ya aune ni, ya ba ni gado."

"To ni ma jiya gaisuwa na amsa. Yau ki zo mu auna."

Ta tsuguna a gindin ginshiƙin, Zaƙin-Murya ya bi ta da makirufo har gwiwar wandonsa na taɓa ƙasa. Ta sa sukudireba ta kankare fentin. Ƙarfen da ke ƙasa ya fara zubowa ɓawo-ɓawo, ja-ja, kamar busasshen ganye. Ta nuna musu kan wata ƙusa mai kaurin babban yatsa, irin waɗanda ke ɗaure ƙafar gadar da kankare. Ta ce dattijuwar ta kama da hannunta ta murɗa. Matar ta goge hannu a zane, ta kama, ta ɗan juya. Kan ƙusar ya ɓalle ya zauna a tafinta.

Injiniya ta jawo makirufon kusa da bakin dattijuwar.

"Mama, gaya wa masu sauraro me ke hannunki."

Dattijuwar ta dubi abin, ta ɗaga kai ta dubi gadar da ke saman rumfarta. "Wannan ai ƙasa ce," ta ce a hankali. "Jikokina biyu sun bi ta nan ɗazu." Sai ta juya ga samarin da ke tsaye da buhu a matakala ta farko. "Kai, ku sauko min daga nan. Ba ku ji abin da aka ce ba?"

Daga nan aikin ya yi wa Injiniya sauƙi. Zaƙin-Murya ya buɗe layi, masu kira suka yi ta tambaya, tana amsawa a gajarce. Yaushe za a gyara? Ba ta sani ba, hukuma ce za ta faɗa, kuma ba za ta ƙirƙiro rana ba. Mutum ɗaya ma ba zai hau ba, ko mara nauyi? Ko ɗaya, domin ba wanda ya san takun da zai zama na ƙarshe. Me ya sa ba ta rushe ba tun safe in da gaske ne? Domin ƙarfe ba ya sanarwa, yana riƙewa ne har lokacin da zai saki. Wani ya kira don kawai ya ce mata ta daina dariya a rediyo. Ta ce ta karɓa.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, tana tsaye a matakalar, ta hango yara suna fitowa ta ƙofar gefe a jere, malamai a gaba da baya, suna bin gefen titi zuwa fitila. Iyayen da suka saba jira a gindin gada sun riga sun yi can, wasu da rediyon waya a kunne. Yara uku suka ɓalle daga layi suka nufo matakalar ɓangaren makaranta da gudu, mai gadi ya tare su da sandarsa, dattijuwa kuma ta ɗaga murya daga tsallaken titi ta kira ɗaya da sunan gidansu. Suka koma layi suna waiwaye.

Masu walda sun iso bayan yaran sun gama wucewa. Suka sauke injin, suka giciya sandunan ƙarfe a bakin matakala biyun suka liƙe su. Injiniya ba ta tafi ba sai da ta kama kowace sanda ta jijjiga da ƙarfinta.

Tana cire hular kwano wayarta ta yi ƙara. Shugaba ne.

"Na saurara," ya ce. "Kin yi magana ba da izinin kwamiti ba."

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Za a tattauna wannan a taro, kuma ba zan kare ki ba." Ya yi gyaran murya. "Masu talabijin sun kira ofis suna son wanda zai nuna musu ƙusar nan gobe da safe. Na ce musu muna da kakaki. Ki zo da wadda ta ɓalle."

"Tana hannun mai kayan miya, Baba. Ta ce ba za ta bayar ba, jikokinta za ta nuna wa."

"To ki ɓallo wata. Da alama ba wuya."

Ba kowa ya ji shirin rana ba, kuma guntun sautin bai mutu ba. Har yanzu yana yawo a wayoyi, yana faɗawa hannun waɗanda ba su san an yi gyara ba, wataƙila ma ya iso taku. Saboda haka ke mai karatu, da kai ma, in kuka iso bakin gada ko bene ko rami kuka tarar an tare, ku riƙe hannun yaranku ku zagaya, komai nisan hanyar, komai zafin ranar. Kada wata murya a waya ta sa ku ɗage shinge, ko ta wa ce. Wanda ya sa shingen ya tsuguna ya duba ƙasan abin, ku kuma daga sama kuke ganinsa.